Darakta a Bahon Wanka

Otakar Skala ya shekara arba'in da ɗaya yana yankan gilashi a garin Pisek, kuma in ka zauna da shi minti goma sai ya gaya maka cewa babu tankin kifin da ya haɗa da hannunsa da ya taɓa ɗiga. Tagogi ne suka ciyar da shi, amma ba ya alfahari da su. Taga, in ji shi, iska kawai take tarewa, ko ɗan koyo ya iya. Duk tankin da ya gama kuwa, sai ya ɗauki abin yankansa mai bakin lu'ulu'u ya karce O da S da shekara a kan ɗan guntun gilashi, ya manna a kusurwar baya inda tsakuwa za ta rufe. Ba mai gani. Shi dai ya san yana nan.

Abin ya kama shi tun yana ɗan shekara tara. Akwai wata ƙatuwar kwalba da mahaifiyarsa ke jiƙa kokwamba a ciki. Ya taya mutanen gidan cinye kokwambar da himmar da ba a san shi da ita ba, ya wanke kwalbar, ya zuba ƙananan kifaye uku da ya karɓo wurin wani ɗan ajinsu. Abincinsu kuma sai ya tafi kududdufin bayan gari ya tato ƙwarin ruwa da rariyar da ya yi da doguwar safar mahaifiyar tasa, ta zuwa coci. Ya sha duka a kan safar nan, bai fasa ba. Da lokacin koyon sana'a ya yi ya zaɓi gilashi, don ya ji ana barin masu koyo su kwashi ragowar yanka su tafi da shi gida.

Matarsa Hedvika, wadda kowa ke kira Heda, a shagon kek na bakin dandali ta yi aikinta har ta ajiye. Ta tare ta tarar da tankuna shida a gida mai ɗaki biyu, ba ta ce a fitar da ko ɗaya ba. Doka ɗaya ta kafa: kada ta ga tana, tsutsar ƙasa da yake ba kifayensa, a firjinta. Shi ma ya kafa tasa: kada kowa ya taɓa masa akwatin kayan aiki, balle gilashi. A shekara arba'in da biyar na zamansu Otakar ya karya dokar Heda sau ba adadi, yana ɓoye tanar a gwangwanin man shanu can bayan kabeji. Ita ba ta taɓa karya tasa ba, ko guduma take so sai ta aro wurin maƙwabta.

Bayan ya yi ritaya gwiwoyi suka fara ƙin ɗaukar bokiti, tankunan suka dinga raguwa yana rabar wa abokai. A lokacin ne, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya je kasuwar masu kifi ta safiyar Lahadi don kallo kawai, ya ga wani ɗan baƙin kifi da bai wuce babban yatsa ba yana bin yatsansa duk inda ya kai shi a jikin gilashi. Oska ne, ɗan uwan karfasa daga kogunan Amurka ta Kudu. Mai sayarwa ya ja masa kunne cewa wannan fa girma yake yi. Otakar ya ce shi za a gaya wa? Ya sa shi a leda cikin ƙirjin rigarsa don kada sanyi ya taɓa shi, ya taho gida.

Ya kuwa girma. Kafin shekara ta zagayo ya cinye duk ƙananan da ya tarar a tankin, ya zama shi kaɗai, kuma bai taɓa nuna kaɗaicin ya dame shi ba. Yanzu ya kai tsawon hannun Otakar daga gwiwa zuwa wuyan hannu, har da ɗoriya, baƙi mai zanen ja kamar garwashi. Heda ce ta raɗa masa suna. Ta tsaya wata rana tana kallon leɓensa na ƙasa da ya turo gaba, da yadda yake zaune bayan gilashi yana hararar masu wucewa, ba ya aikin komai sai jiran a kawo masa, ta ce ai wannan shi ne daraktan wurin aikin Otakar na da, babu abin da ya bari. Sunan ya zauna: Darakta.

Kuma mulki yake yi. Duk tsiron da aka dasa masa sai ya tuge shi. Tsakuwar da Otakar ya baje ranar Asabar, kafin Litinin ya kwashe ta da baki ya tara a gefen da shi yake so. Ya fasa hitar ɗumama ruwa biyu, sai da aka yi wa ta uku keji. Baƙo in ya leƙa sai ya juya masa wutsiya, in an ɓata masa rai kuma sai ya koɗe ya kwanta a gefe ɗaya, kuma ya san sarai ana kallonsa. Amma da ya ji takun silifas ɗin Otakar sai ya taso gaban gilashi yana kaɗa jiki gaba ɗaya. Ruwansa digiri ashirin da shida ne ko ana dusar ƙanƙara a waje, kowace Asabar kuma a sauya kashi ɗaya cikin uku. Tana, gyare, ɓararren koren wake, duk daga hannun Otakar yake karɓa, sannan ya tsaya a shafa masa goshi. Otakar yana son kifin nan, kuma duk wanda ya taɓa ganinsu da safe ya san haka.

A bara ne ya haɗa masa sabon tanki mai cin lita ɗari huɗu da hamsin. A cikin falo ya haɗa shi, a hawa na huɗu, domin ba zai shiga lif ba, ba zai kuma bi ta ƙofa ba. To, akwai abin da Otakar bai gaya wa kowa ba. Hannunsa na dama ya fara rawa. Ya koma shan kofi da hagu, dama kuwa tana aljihu in akwai mutane. Ranar da yake jan gam ɗin silikon a gefen tankin, hannun ya fizge, layin ya yanke. Shi ya fi kowa sanin cewa layin gam in ya yanke kankare shi ake yi a sake daga farko. Ya dai cike wurin, ya shafe da yatsa, ya manna O da S ɗinsa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ranar ashirin ga Disamba da safe ya fito falo ya taka ruwa. Bai fi kofi biyu ba. Bai ma tsaya neman inda ya fito ba, ya san wurin.

A gidan duka abu ɗaya ne zai ɗauki Darakta, bahon wanka. Otakar ya wanke shi da ruwan zafi zalla sau uku saboda sabulu, ya janyo ruwan tankin da tiyo ya cika shi, ya kai hita da injin tace ruwa da ma'aunin zafi, sannan ya kamo Darakta da jiƙaƙƙen tawul. Darakta ya watsa masa ruwa har cikin kunne, ya je ƙarshen bahon ya juya baya. Heda ta leƙo daga kicin, hannu duk gari, ta tambaya har yaushe. Ya ce mako guda, ko ya ɗan ɗara. Ta ce ita dai ta san ana sa kifi a baho kwana biyu kafin Kirsimeti a cinye shi, ba ta taɓa jin wanda aka sa aka bar masa gidan ba.

Da rana 'yarsu Radka ta kira. Ma'aikaciyar jinya ce a Budejovice, kuma ta daɗe da lura da hannun. Ta yi maganar a hankali, amma ta riga ta gama shirinta: akwai wani mai shagon kifi a can da ke da ƙaton tanki, ya yarda zai zo ya ɗauki Darakta ranar biyu ga Janairu.

"Baba, ba kifin nake ƙi ba," in ji ta. "Ruwa lita ɗari huɗu da hamsin ne a saman kawunan mutane. Yau kofi biyu, gobe fa?"

Ya ce zai gyara. Ta tambaye shi da wane hannun. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: tana aiki ranakun bikin, za ta zo ranar ashirin da tara. In an cika tankin a gabanta ya kwana bai ɗiga ba, Darakta ya zauna. In ya ɗiga mai shago ya zo, kuma ba musu. Kiran wani mai gilashin bai taso ba. Duk sun rufe sai bayan sabuwar shekara, kuma ko suna buɗe Otakar yana da abin faɗa a kan aikin kowannensu.

Washegari ya cire gilashin gefen da reza, ya kankare tsohon gam tas, ya goge da sifirit. Wannan duk hannu mai rawa zai iya. Ya jira Heda ta fita sayayya, ya ɗauki bindigar gam ya gwada a kan wani ragowar gilashi. Layin ya fito kamar sawun tana, nan kauri, nan siriri, nan babu. Ya dafe dama da hagu ya sake. Sau biyar yana sakewa, sannan ya naɗe gilashin a jarida ya tura ƙarƙashin gado.

Ranar ashirin da biyu, kamar kowace shekara, ƙanin Heda, Vlastimil, ya iso da kifin Kirsimeti. Shekara talatin ya yi yana kiwon kifin kapar a tafkunan Trebon, ƙato ne mai murya, kuma a ganinsa duk kifin da ba a ci wasan yara ne. Ya shigo da kapar mai rai a bokiti, ya gaisa da yayarsa, ya wuce banɗaki kai tsaye don ya juye shi a baho, inda ubansa da kakansa suke juye nasu. Otakar yana falo yana goge gilashi, bai ankara ba sai da ya ji ƙarar famfo. Ya tarar da Vlastimil ya ajiye bokitinsa a gefe, ya zare matoshin baho, ya buɗe famfon sanyi har ƙarshe, ya tsaya yana kallon aikinsa da gamsuwa.

"Suruki, wa ya koya maka ajiye kifi a ruwan shayi?" in ji shi. "Da ban zo ba da ka dafa shi da ransa. Ka ga yadda yake haki?"

Ba mugunta ba ce. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kifin baho ruwan sanyi yake so, mai gudu, kuma Vlastimil ya fi kowa sani. Otakar ya rufe famfon, ya mayar da matoshi, ya duba ma'auni: sha bakwai. Darakta yana kwance a gefe ɗaya, jan nan ya koma kalar toka, baki yana buɗewa da ƙyar. Wannan karon ba fushi ba ne.

Otakar bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi tsorata Vlastimil. Ya ce masa kawai ya je ya ɗora butar shayi. Ba a mayar da zafi lokaci ɗaya, shi ma kisa ne, kofi kofi ake zubawa nesa da kifin. Awa uku suka yi, ƙaton nan yana kai da kawo da buta yana sanɗa, yana tambaya da ƙaramar murya ko ya ƙaru. Kapar kuwa aka kai shi baranda cikin tsohon bahon jarirai na Radka, inda sanyin ya yi masa daidai. Da ma'auni ya kai ashirin da huɗu Darakta ya miƙe, ya yi iyo kaɗan a karkace, ya koma ƙarshen baho. Otakar ya miƙa masa tana, ko kallonta bai yi ba.

Ya shiga kicin ya zauna. Ranar zanen biskit ɗin zuma ce, tire-tire sun cika ko'ina har kan firji. Ya ce wa Heda zai kira Radka, mai shago ya zo gobe ma in ya ga dama. Baho ba wurin zaman kifi ba ne, gara ya rayu a wurin wani da ya mutu a hannunsa. Sannan ya ciro hannun daga aljihu ya ɗora a kan tebur, yana rawa a fili, ya gaya mata komai, har da layin da ya yanke a bara.

Heda ba ta ɗago ba. "Tsoho, wa kake tsammani yake zuba maka rabin kofi shekara biyu ke nan? Ka zaci rowa ce?"

Kunya ta kama shi, da wani sauƙi kuma da bai zata ba. Ya zauna yana kallon hannunta. Shekara arba'in da biyar tana wannan aikin a gabansa kowane Disamba, shi dai ci ne nasa. Sukarin da ta dama da farin ƙwai yana cikin 'yar jaka mai tsinin baki, tana matsawa, siririn layi yana fita yana zagaye bakin biskit, kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, ya dawo ya haɗe inda ya faro. Ta ɗan murɗa wuyan hannu ta yanke shi, ta ajiye, ta ɗauki wani. Ya ƙirga goma sha biyu, babu wanda ya tsinke a hanya.

Bai taɓa roƙon kowa a kan gilashi ba, maganar ta yi masa nauyi a baki. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Heda, layin nan naki, zai kai mita biyu bai yanke ba?"

"Na zagaye kek ɗin aure mai hawa biyar, masu shi suna jira a ƙofa," ta ce. "Me kake so ka ce?"

"Akwatin kayan aikina yana falo."

"Na san inda yake. An hana ni taɓawa."

"An janye dokar."

Sai da ta gama biskit ɗin da ke hannunta tukuna, sannan ta wanke hannu.

Bindigar gam ta ɗaga ta juya, ta matsa sau ɗaya, ta ajiye ta ce wannan ba kayan aiki ba ne, abin faɗa ne, ba mamaki maza suke ɓata aiki. Ta sa Vlastimil ya matse gam ɗin cikin jakarta mafi ƙwari, wadda ta taho da ita daga shagon kek, ta yanke bakin daidai kaurin da Otakar ya nuna mata. Ya ce mata jakar ta tashi daga aiki ke nan. Ta ce ta sani. Ya ciro ragowar gilashin nan daga ƙarƙashin gado don ta gwada. Ta ga layukansa biyar, ta ja nata a gefensu sau biyu don ta ji nauyin gam ɗin. Ya fi sukari tauri, in ji ta, amma ya fi shi jin magana.

Suka buɗe taga saboda warin tsamin gam mai hawa ka. Otakar ya yi mata bayani: minti goma gare su kafin gam ya fara kamawa, layi ɗaya daga saman nan zuwa ƙasa, ya bi gindi, ya hau wancan gefen, kada kumfa ko ɗaya. Ta ce ya matsa mata daga haske. Ta durƙusa a kan matashi, ta kafa gwiwar hannu a jikinta, ta fara. Otakar yana bin layin da ido, har kusurwar farko, inda kowa ke kuskure, ita kuwa ta juya ta wuce. Da ta kai sama shi da Vlastimil suka ɗaga gilashin, Otakar ya saita, suka manna, ya ɗaure da tef. Ta sake jan layin ciki, ta shafe shi da bayan ƙaramin cokali. Ya sa tabarau ya bi haɗin da tocila daga sama har ƙasa yana neman aibin da zai kama, bai samu ba.

Saura jira, kuma gam ba ya jin roƙo. Kwanakin nan a kicin suka dinga goge jiki da tsumma da ruwan ɗumi. Ranar jajiberen Kirsimeti da Vlastimil zai gyara kapar, Heda ta je ta rufe ƙofar banɗaki, ta ce bai kamata Darakta ya ga abin da ake yi wa 'yan uwansa ba. Kowa ya san ba a tashi daga teburin jajibere sai kowa ya gama, Otakar kuwa hankalinsa yana kan ma'aunin zafi. Sau biyu yana yunƙurawa Heda tana taka masa ƙafa, ya cinye soyayyen kifinsa da haɗin dankali da saurin da ya kusa sa ƙaya ta maƙale masa. Darakta dai bai ci komai ba. Kullum da safe Otakar ya zauna a bakin baho ya miƙa tana, kullum ya mayar da ita gwangwani. Gwangwanin kuwa yanzu a gaba-gaba yake cikin firji, kuma Heda ta ƙyale shi.

Radka ta iso ranar ashirin da tara da safe. Otakar ya shimfiɗa jarida kewaye da gindin tankin, domin jarida ba ta ɓoye ko ɗigo ɗaya. Aka sa tiyo. Ruwa yana hawa, Radka ta durƙusa ta duba haɗin, ta shafa da yatsa, ta ce aikin ya yi kyau, sannan ta dubi aljihun da hannun mahaifinta yake ciki. Da ya yi shiru da ba wanda zai tona shi.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Mamarki ce. Ni gilashi kawai na riƙe."

Radka ta dubi uwar, ta dubi jakar zanen kek da ta sandare a bakin taga, ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa.

Washegari da safe su ukun suka fito kusan tare, Otakar ko silifas bai sa ba, don ƙafa ta fi ido saurin gane ruwa. Ya janyo jaridun ɗaya bayan ɗaya, a bushe suke ƙamas. Radka ta ɗaga su a hasken taga kamar mai duba hoton ƙashi, sannan ta ɗauki waya ta fita baranda ta ba mai shago haƙuri.

Da ruwan ya kai ashirin da shida aka dawo da Darakta cikin tawul. Ya sauka ƙasa ya sha kunu kusan awa guda. Sannan ya tashi ya zagaya gidansa, ya tsaya ya duba sabon haɗin, ya ɗebi tsakuwa cike da baki ya je ya tofar a gaban gilashi. Jan jikinsa ya fara dawowa. Otakar ya ɗauko tana, ya ɗan tsaya yana shawarar hannun da zai miƙa, ya miƙa na dama a gaban kowa. Hannun yana rawa, tanar tana rawa a saman ruwa fiye da yadda ta taɓa yi, Darakta ya taso ya fizge ta, ya jiƙa musu fuska su uku. Kwana goma rabonsa da abinci. Otakar ya yi dariya har da hawaye, bai kuma ɓoye su ba.

Heda ta ce tunda Darakta ya koma ofis ita za ta shiga wanka, kuma kada wanda ya ƙwanƙwasa mata kafin awa guda. Da ta fito, kai a naɗe da tawul, ta tarar da Otakar a teburin falo da abin yankansa da ɗan guntun gilashi. Ya tura mata. H da S ne, da shekara. Ya ce wannan ba a baya za a manna shi ba, a gaba za a sa, inda mai shigowa zai gani.

Ta ɗaga shi a haske ta juya. "H ɗin a karkace yake."

"Da hannun da nake da shi na rubuta."

Ta ƙara dubansa. Sannan ta je ta buɗe akwatin kayan aikinsa, ba ta tambayi kowa ba, ta ɗauko ragowar gam ta ɗiga a bayan guntun, ta manna shi a kusurwar gaba, ta danne da babban yatsa. Darakta ya taso ta ciki ya gwada cizon yatsan.